Norbert Sobotta da Gangar Roba

Duk wanda ya haura hamsin a garin Hattingen ya san waƙar motar ƙarfe biyar da rabi, kuma in Norbert Sobotta ya wuce yana tura kekensa ta bakin kasuwa, sai wani ya zunguri na kusa da shi ya ce, "Ga makaɗin can." Abin da ba mai iya faɗa maka shi ne yadda hannun mutumin yake a kan wannan waƙa, don ba wanda ya taɓa ji. Shekara arba'in ana gaishe shi a kan aikin da ba shi ya yi ba, yana amsawa, abin yana cin sa a ciki. Burinsa a duniya bai wuce minti uku da 'yan daƙiƙu ba: ya zauna gaban mutanen garinsu sau ɗaya, ya buga waƙar da hannunsa, su ji.

An haife shi a 1958 a layin gidajen ma'aikatan masana'antar ƙarfe, inda ba a shanya farin kaya a waje ranar da iska ta juyo daga wajen tanderu. Ubansa mai narka ƙarfe ne, mutum mai rowar magana, wanda duk ƙaunar da Allah ya ba shi ta ƙare a kan tattabarunsa na tsere. Norbert ya taso yana dukan duk abin da ya samu, tebur ne, tukunya ce, bokitin kwal ne. Da uwarsa ta gaji sai ta kai shi ƙungiyar busa ta ma'aikata, ko za ta samu tukwanenta su huta. A can wani tsoho ya koya masa riƙon sanda, ya kuma gaya masa gaskiya tun makon farko, cewa hannu kam akwai, amma akwai gaggawa. Da zarar kiɗa ya yi masa daɗi sai ya bar kowa a baya.

Yana da shekara ashirin da ɗaya suka haɗa ƙungiya su uku. Akwai Volker Dombrink, abokinsa tun ajin farko, dogo siriri mai bakin tsiya da murya mai kaifi. Akwai Heidrun Lemke, 'yar mai gidan burodi, wadda ta koyi fiyano a coci ta zo tana ɓata tarbiyyarta a kan na lantarki. A lokacin duk mai jita a ƙasar nan Turanci yake kwaikwayo, ko bai san me yake faɗa ba. Sai ga sabon yayi ya taso, samari suna waƙa da Jamusancin titi, a kan bas da aikin safe da budurwar da ta ƙi ɗaukar waya. Su ma suka bi. A ɗakin ƙasa na gidan burodi suke atisaye, tsakanin buhunan fulawa, har wata rana mahaifin Heidrun ya leƙo da hannu a kunne ya ce wannan gangar ai kamar ana ruwan kwano daga sama. Nan suka samu suna, Blechregen, wato ruwan kwano. Sunan ƙungiyar ma daga hannun Norbert ya fito.

Waƙar motar ƙarfe biyar da rabi Volker ne ya rubuta kalmominta, a kan bas ɗin da ke kwasar iyayensu zuwa aikin asuba. Kiɗan kuwa na Norbert ne. Ya ɗauko shi daga yadda tayoyin bas ɗin ke bugun mahaɗar gadar kogin Ruhr, bugu biyu, ɗan tuntuɓe, sai na uku. Mako guda da gama ta wani kamfanin faifai ya kira su Hamburg, ba su ko samu buga ta gaban mutane ba.

A Hamburg ya buga ta sau goma sha huɗu. Mai haɗa faifan, wani mutum da ke sa baƙin tabarau a cikin ɗaki, ya riƙa tsayar da shi a wuri guda, a baiti na biyu, inda daɗi ke kwasarsa. Daga baya ya ciro wani baƙin akwati da bai fi akwatin takalmi girma ba, ya danna, sai ga kiɗan gadar yana fita, tsaf, har da tuntuɓen.

"Wannan ba ya gaggawa," in ji mutumin. "Ba ya gumi, ba ya neman giya."

Heidrun ta ce ita ba ta yarda ba. Magana ta rage ga Volker. Volker ya daɗe yana kallon igiyar takalminsa, sannan ya ce, "Haba Nobbi, faifai ne kawai. A kan dandamali ai kai ne."

Norbert ya fita ya zauna a baranda da burodinsa da tsiran alade, yana ci yana jin akwati na buga kiɗansa ta bayan bango.

Faifan ya fita a bazarar 1982, kuma ƙasar ta haukace a kansa. Direbobin bas suna busa shi da baki, yara suna rera shi a makaranta. Aka kira su talabijin. To a talabijin ɗin wancan zamani ba a kiɗa, bin faifai ake yi. Za a sa faifan a lasifika, mawaƙi ya motsa baki, mai fiyano ta danna abin da ba a jona ba. Ganga ce matsala, don ita ba ta da wayar da za a zare. Saboda haka sai a shimfiɗa baƙar roba mai kauri a kan kowace fata, a cire farantan tagullar da ake bugawa tare da ganga a sa na leda da aka shafa wa ruwan zinariya. Makaɗi ya ɗaga hannu sama ya sauke da ƙarfinsa, ya yi ta kaɗa kai, abin da ke fita kuwa ɗan ƙus-ƙus ne da sai wanda ke tsaye taki biyu daga gangar zai ji.

Ya ɗauka talabijin ce kawai. Ashe masu gidajen rawa da masu bukukuwan gari su ma haka suke so, don ba sai an sha wahalar jona kaya ba, kuma mutane abin da suka ji a rediyo suke son ji, ba ragi ba ƙari. Shekara biyu suna yawo, dandamali sama da ɗari biyu, bai taɓa taɓa fata ba. Duk lokacin da ya tada maganar sai Volker ya ce masa wata mai zuwa, bari wannan zagayen ya wuce. Volker ɗin kuwa ya saba, ya gane cewa mai motsa baki ba ya shaƙewa, ba ya kuskure, kuma yana iya kwana yana shan taba.

Abin da ya fi yi wa Norbert ciwo a gida ya same shi. Ya dawo wata Lahadi, ya tarar da ubansa a ɗakin tattabaru yana kankare kashi. Tsohon bai juyo ba, ya ce, "Na gan ka a akwatin nan. Ashe ka iya. Ka daina gaggawar." Yabo ke nan guda ɗaya da ya taɓa samu daga bakin mutumin, tun daga haihuwa har kabari, kuma na baƙin akwati ne. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya kasa.

Yayi kuwa yadda ya zo da gudu haka ya tafi. Kamfanoni suka cika kasuwa da duk wanda ya iya sa riga mai walƙiya, mutane suka ƙoshi har suka fara jin kunyar sun taɓa so. Faifansu na biyu ko 'yan uwansu ba su saya ba. Zuwa kakar 1984 sun koma buɗe kantuna. Na ƙarshe wani kantin kujeru ne a bayan gari, ranar Asabar da hantsi, an kafa musu dandamali tsakanin balan-balan da mai gasa tsire, mutane suna wucewa da fitilun gefen gado a hammata. Suna tsakiyar waƙar zaren kaset ya tsinke.

Wurin ya yi tsit, sai ƙus-ƙus ɗin roba. Wata mata ta tuntsire da dariya. Shi kuwa Norbert farin ciki ne ya kama shi, irin wanda ya manta da shi. Ya fizge robar daga kan ganga ya yi jifa da ita, ya ɗaga sanda ya yi kira, "Volker, ɗauko daga farko! Mu nuna musu!"

Volker ya tsaya da makirufo a hannu, wanda ko jona shi ba a yi ba. Shekara biyu bai rera waƙar da muryarsa ba. Ya dubi mutane, ya dubi Norbert, ya ajiye makirufon a hankali ya sauka ta baya. Norbert bai kai ga bugu ko ɗaya ba. A wurin ajiye motoci ya cim masa, ya ci kwalarsa, ya ce, "Ka sayar da hannuna a Hamburg, yau kuma ka bar ni tsirara." Ya rantse a gaban Heidrun cewa sandarsa ba za ta sake taɓa roba ba har ya mutu. Daga ranar bai ƙara yi wa Volker magana ba, shekara talatin da takwas, alhali tsakanin gidajensu tafiyar bas ce ta minti ashirin.

Sauran rayuwarsa ba ta da abin ba da labari, irin ta mutanenmu ce. Ya shiga masana'antar ƙarfe kusa da inda ubansa ya tsaya, bayan shekara uku aka kashe tanderun, ya bi sahun dubban da suka rasa abin yi. Ya samu aikin kula da ɗakin wasannin motsa jiki, yana share ƙasa yana kashe fitilu. Ya auri Marlies, mace mai haƙuri da ke kashe rediyo da kanta in an sa waƙar. Ba su haihu ba, kuma ta riga shi tafiya. Ya koma ƙungiyar busa ta ma'aikata, wadda aikinta ya rage raka tsofaffin maƙera kabari. A jana'iza ana lulluɓe ganga da baƙin ƙyalle don ta yi ƙasa da murya, a buga a hankali, taki-taki. Wannan bai dame shi ba. Ya ce ko a lulluɓe, ƙarar tasa ce.

A watan Afrilun 2022 yana tsugune a ɗan lambunsa na bayan layin dogo yana dasa dankali, sai ya ji an ce, "Kai, tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?"

Heidrun ce, ta yi ƙiba, gashi fari fat, da kwalin kek a hannu. Suka zauna a benci ya zuba mata kofi daga fulas. Ba ta yi kwana-kwana ba. Waƙar ta cika arba'in, hukumar gari tana so su hau dandamali a bikin watan Agusta, a dandalin kasuwa, da ƙarfe huɗu na yamma.

"Da shi?"

"To da wa? Da limamin coci?"

"Ki gaishe shi. Ki ce ya je ya motsa bakinsa shi kaɗai, ai ya ƙware."

"Nobbi, ka ji ni mana. Wannan karon na gaske ne."

Ya ajiye kofin. "Fata?"

Ta tsura wa jirgin da ke wucewa ido, ta ce, "Fata."

Sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mata wuyan hannunsa na dama, wanda ya kumbura ya karkace. Likita ya riga ya sa rana a watan Oktoba, za a haɗe gaɓar da ƙarfe don ciwon ya tsaya, kuma daga nan hannun ba zai sake lanƙwasuwa ba. Cokali zai riƙe, sanda kam sai dai kallo. "Kin ga ke nan," ya ce, yana dariyar da ya daɗe bai yi ba, "saura ƙiris ki makara." Heidrun ba ta taya shi dariyar ba, shi kuma murna ba ta bar shi ya lura ba.

Wata huɗu yana atisaye a ɗakin ajiyar kayan wasanni, tsakanin katifu da ragar ƙwallo. Minti ashirin yana bugu, minti ashirin hannu yana cikin bokitin ƙanƙara. Ya sayi sababbin fatu ya ɗaura da kansa. Heidrun tana zuwa duk Talata da fiyanonta. Volker bai zo ko sau ɗaya ba, ta ce a gida yake nasa, ai ka san shi da girman kai. Norbert ya gaya wa 'yan ƙungiyar busa su zo, ya gaya wa maƙwabtan lambu, har mai sayar masa da jarida. Ya je kabarin ubansa ya cire ciyawa, ya daɗe a tsaye.

Ranar bikin ya isa dandali tun sha biyun rana, ya haɗa gangunansa, ya tafi ya ci dankali da tsire. Da ya dawo sai ya ga baƙar roba shimfiɗe a kan sababbin fatunsa, wani ƙato mai kula da sauti yana kwance farantan tagulla.

"Wa ya ce ka taɓa mini kaya?"

"Herr Sobotta, haka yake a takarda. Bin faifai ne, gaba ɗaya. Ba a gaya maka ba?"

Bai san lokacin da ya sauka ba. Ya nufi rumfar da aka kafa wa mawaƙa a bayan dandamali, ya bankaɗe labule. Heidrun ta miƙe tana cewa ya tsaya ya ji, ya ce mata, "Ke kuma, maƙaryaciya, zan zo kanki." A kujerar roba wani tsoho yana zaune, kamar an rataye riga a jikin tsintsiya, da jan ƙyalle naɗe a wuya cikin zafin Agusta. Sai da ya dubi idanun ya gane shi.

"Yi magana mana!" in ji Norbert. "Bakin tsiyar ya ƙare? Shekara talatin da takwas, ka aiko mace ta yaudare ni?"

Volker ya zare ƙyallen. A gindin wuyansa akwai rami, da ɗan murfin roba a kai. Ya ciro wani abu kamar tocila daga aljihu ya danna a gefen wuyansa, sai wata murya ta fito, ba hawa ba sauka, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani.

"Sannu, Nobbi. Ka yi tumbi."

Ciwon daji ne. An cire masa maƙogwaro shekara biyu da suka wuce, ya ɓoye a gida, ba wanda ya sani sai 'yarsa da Heidrun. Yanzu abin ya sauka huhu, likitoci sun ce da wuya ya ga Kirsimeti.

Norbert ya nemi wuri ya zauna. Can ya ce, "Kai ma akwati ya cinye ka ke nan."

"Alhakinka ne ya kama ni," in ji muryar gwangwani.

Norbert ya fara neman mafita, kamar mai laluben mukulli. A cire gangar daga faifan, a bar muryar kawai. Heidrun ta ce ta nema tun watan Janairu, asalin zaren kaset ɗin da ke da kowane sauti daban an zubar da shi lokacin da kamfanin ya rushe, abin da ya rage faifan ne yadda kowa ya san shi. To a sa faifan, shi ya buga fata a kai.

Volker ya girgiza kai ya danna abin wuyansa. "Za ka yi gaggawa. Ni kuma kai zan bi, ba faifai ba. Ban taɓa iya ƙin bin ka ba. Baki zai riga murya, kowa ya gani." Ya numfasa ta ramin, da wani sauti mara daɗin ji. "Ba na so su san haka na ƙare. Minti uku nake so, in buɗe baki murya ta fito. Shi ke nan."

Norbert ya ɗaga hannunsa na dama ya kai shi har gaban fuskar Volker. "Ka san wannan?"

"Na sani. Oktoba."

"Ka sani, ka bar ni wata huɗu da hannu a ƙanƙara."

"Da ka san gaskiya, da ba ka zo ba."

"Sau biyu ke nan kana yi mini."

"Sau biyu," in ji Volker. Bai ba da haƙuri ba, kuma gara da bai bayar ba, don da Norbert ya mare shi, rami ko ba rami.

Ya tashi ya fita. Ya kwashi sandunansa, ya ratsa ta cikin masu shan giya da masu tura keken jarirai, ya je inda ya ɗaure kekensa a gefen coci. Wani daga cikin 'yan busa ya ɗago masa kofi daga nesa yana ihu, "Yau za mu ji ruwan kwano!" Ya durƙusa yana kokawa da kwaɗo, hannun ya ƙi murɗa mukulli. Yana cikin haka mai sauti ya gwada faifan, daƙiƙa goma kacal, muryar Volker ta cika dandalin, ɗan shekara ashirin da huɗu, mai kaifi, mai rashin kunya, yana kiran direba ya jira shi. Norbert ya tsaya a durƙushe. Ya tuna ɗakin ƙasa da warin fulawa, da wannan murya tana bin sa a guje duk inda ya ja ta. Haushi bai bar shi ba ko kaɗan. Da haushin ya mayar da mukulli aljihu ya koma.

Da ƙarfe huɗu suka hau. Dandalin ya cika maƙil da masu furfura da 'ya'yansu. Volker ya fito da jan ƙyallensa da tabarau, Heidrun tana riƙe da gwiwar hannunsa kamar wasa, ya tsaya inda ya saba, taki biyu daga ganga. Akwati ya fara kiɗan gada. Norbert Sobotta ya ɗaga sanda sama ya sauke ta a kan roba.

Ya buga ta kamar fata ce. Duk abin da ya tara a wata huɗu ya zuba a wannan roba, kowane bugu yana soka masa wuyan hannu har kafaɗa. A gabansa Volker ya buɗe baki, murya ta fito, ya miƙe ya ƙara tsawo, ya nuna jama'a da yatsa, dandali ya ɗauki amshi. Mata suna kuka suna rawa. 'Yan busa suna tsalle a gaba, suna nuna wa juna hannun Norbert. Ba wanda ya ga komai. Minti uku da daƙiƙa goma sha biyu, aka gama, tafi ya ƙi ƙarewa.

A rumfa Volker ya zube a kujera, fuska ta yi toka-toka, ya daɗe kafin ya iya ɗaga abin wuyansa.

"Baiti na biyu," in ji shi. "Ka yi gaggawa."

"Ƙarya kake, ɗan banza."

"Na ji ka. Daga 'direba' ka fara gudu. Da ƙyar na riƙe bakina." Ya huta. "Duk sau ɗari biyun nan ma ina jin ka. A wurin kake yi, kullum. Ya fi na akwatin."

Norbert ya tsoma hannu a bokitin da aka sa giya ta yi sanyi, ya juya musu baya, ya ce, "Da ka faɗa a Hamburg."

A watan Oktoba aka yi aikin, aka saka ƙarfen. Ya ba wa ƙungiyar busa gangunansa, da sababbin fatun da ba a taɓa bugawa gaban kowa ba. Sau uku ya hau bas ɗin minti ashirin ya je gidan Volker, suka zauna suna kallon ƙwallo suna zagin alƙalin wasa, ɗaya da baki ɗaya da gwangwani. Ran sha tara ga Nuwamba Heidrun ta bugo waya da safe.

Ɗan cocin maƙabarta ya cika, don bikin Agusta ya tuna wa gari da Volker. Norbert yana layi na biyu, hannu a ɗaure a ƙirji. Da limamin ya gama, 'yar Volker ta danna wata 'yar lasifika da aka ajiye kusa da furanni, akwati ya fara kiɗan gada, bugu biyu, tuntuɓe, na uku. Masu ɗauka suka kama hannuwan akwatin gawar.

Wata dattijuwa da ke gefensa, wadda bai sani ba, ta dafa masa hannun lafiyar tana share ido. "Herr Sobotta, ina wurin a watan Agusta, a gaba-gaba. Shekara arba'in, amma hannunka bai canza ba ko kaɗan. Daidai da faifan. Ko bugu ɗaya ba ka kuskure ba."

Ya dube ta. "Ina gaggawa a baiti na biyu," ya ce.

Ta yi ɗan murmushi ta bubbuga masa hannu, ta ɗauka kawaici ne irin na manya. Waƙar ta shiga baiti na biyu, akwati yana tafiya tsaf, bai ƙara ba bai rage ba. Norbert ya juya ya bi gawar da ido har aka fita da ita ta ƙofa.